Me Ya Sa Masana Ginin Jimla Suka Dage a Kan Holanci?

Tambaya: Wani ɗalibi mai shirin digiri na biyu a kimiyyar harshe ya rubuto yana cewa: "Malam, duk littafin ginin jimla da na buɗe sai na ci karo da misalan Holanci, alhali masu harshen ba su kai Hausawa yawa ba. Me ke cikinsa? Kuma kare-karen harshen da masanansu ke bi ƙauye-ƙauye suna rubutawa, ba kurakuran mutanen karkara ba ne kawai?"

Amsa: Ɗan'uwa, lissafinka daidai ne. Masu Holanci a matsayin harshen uwa kimanin miliyan 25 ne, mafi yawansu a ƙasar Holan, sai Filandas da ke arewacin Beljiyam, sai Surinam a Kudancin Amurka da wasu tsibiran Karibiyan. Hausawa sun ninka su. Abu biyu ne suka haɗu suka ɗaga harshen a fagen nazari. Aikataunsa ba ya zama wuri ɗaya, kuma yawon da yake yi cikin jimla ya taɓo manyan tambayoyin da ake yi kan harshen ɗan Adam baki ɗaya. Sannan masu shi sun zuba kuɗi da shekaru wajen tattara yadda ake magana a kowane lungu na ƙasarsu, har mai nazari ya samu hujjar dafawa maimakon hasashe. Amsar tambayarka ta biyu za ta fito ne daga cikin ta farko, don haka mu fara da aikatau.

A Hausa aikatau ba ya wahalar da kowa. "Audu ya sayi littafi." "Jiya Audu ya sayi littafi." "Na san cewa Audu ya sayi littafi." Ko ta ina ka juya, aikau (mai yin aikin) ne a gaba, sai aikatau, sai karɓau (abin da aikin ya faɗa wa). Mutumin Holan ma zai ce "Jan koopt een boek", Jan yana sayen littafi, jeri ɗaya da namu. Amma da ya fara da "gobe" sai aikatau ya tsallake aikau: "Morgen koopt Jan een boek", kalma bayan kalma ke nan gobe, saya, Jan, littafi. A babbar ganga, wato sashen jimla mai tsayawa da kansa, aikatau mai ɗauke da lokaci dole ya zo na biyu, ko mene ne ya riga shi. Idan kuwa maganar ta shiga ganga dogarau, bayan "dat" mai ma'anar "cewa", sai a ce "dat Jan een boek koopt". Aikatau ya koma can ƙarshe, bayan karɓau.

To wanne ne gurbinsa na asali? A 1975 Jan Koster ya ce ƙarshen ne, kuma hujjarsa tana da daɗin bi. Holanci yana da aikatau masu rabuwa gida biyu, irin su "opbellen", buga wa mutum waya. A ganga dogarau yana zuwa a dunƙule a ƙarshe: "dat Jan zijn moeder opbelt", cewa Jan yana buga wa mahaifiyarsa waya. A babbar ganga kuwa sai ya tsage: "Jan belt zijn moeder op". Rabinsa ya taso zuwa wuri na biyu, ɗan guntun "op" ya tsaya a ƙarshe. Koster ya nuna cewa duk wurin da guntun nan ke iya tsayawa, daidai wurin da aikatau ke tsayawa ne a ganga dogarau. Guntun shi ne sawun da aikatau ya bari a inda ya taso. Hans den Besten ya ƙarasa zancen a wata maƙala da ta fara yawo a hannun masana a 1977, aka buga ta a 1983. Ya ce gurbin da aikatau ke tasowa ya shiga, gurbin mahaɗi ne, irin su "dat" da "als". In mahaɗi yana nan, aikatau ba shi da wurin zuwa, sai ya zauna a ƙarshe. In babu shi, aikatau ya maye gurbin. Shi ya sa "idan Jan ya zo" ke da fuska biyu a Holanci, "als Jan komt" ko kuma "komt Jan", ba tare da "als" ba. Wannan bayani ne aka ɗauka aka gwada a kan Jamusanci da harsunan Sikandinebiya, har ya shiga littattafan da kake karantawa.

Ba kowa ya sallama ba. A kundin digirinsa na uku a Groningen a 1993, Jan-Wouter Zwart ya juya maganar, ya ce asalin jerin Holanci irin na Hausa ne, karɓau ne ke tashi ya sha gaban aikatau. Ya kuma ce aikatau da ke bayan aikau da wanda ke gabansa ba gurbi ɗaya suke ba. Daidaitaccen Holanci kansa yana da alamar haka: "jij loopt", kana tafiya, amma in aka juya sai "loop jij", harafin ƙarshe ya faɗi. Hujjar da ta fi ƙarfi daga wani karin harshe na gabashin Holan ta fito, inda ake cewa "wy speult", muna wasa, amma "speule wy" in aikatau ya sha gaba, sannan "datte wy speult", cewa muna wasa. Dubi wasalin da ya liƙe wa aikatau a "speule", shi ne ya liƙe wa mahaɗi a "datte". Ni dai idan zan koyar, da bayanin Koster da den Besten nake farawa, domin ya fi sauƙin tabbatarwa a gaban ɗalibi. Amma ka lura da abin da ya faru a nan: maganar mutanen karkara ce ta zama alƙali a gardamar manyan masana.

Babban rikicin yana ƙarshen ganga dogarau, inda aikatau biyu ko uku ko huɗu ke taruwa su yi cincirindo. Arnold Evers ne ya fara yi wa wannan cikakken nazari a kundinsa na Utrecht a 1975. Ga misalin da ya fi shahara: "dat Jan Piet Marie zag helpen zwemmen", cewa Jan ya ga Piet yana taimaka wa Marie wajen iyo. Sunaye uku a jere, aikatau uku a jere. Jan shi ne mai gani, Piet mai taimako, Marie mai iyo. Suna na farko yana tafiya da aikatau na farko, na biyu da na biyu, na uku da na uku. In ka ja layi daga kowane suna zuwa aikataunsa, layukan za su giccira wa juna. Bajamushe kuwa zai ce "dass Jan Piet Marie schwimmen helfen sah", iyo, taimaka, gani. A nan layukan ba sa haɗuwa, ɗaya yana cikin ɗaya ne, kamar jeren kwanonin samira, ƙarami cikin babba.

Wannan ɗan bambanci ya tayar da ƙura har a wajen masu ilimin kwamfuta. Tun shekarun 1950 Noam Chomsky ya jera nau'o'in nahawu gwargwadon ƙarfinsu a lissafi. Akwai wani nau'i mai sauƙi, wanda aka gina yawancin harsunan rubuta manhaja a kansa, da ke iya sarrafa jeri na ciki-cikin-ciki amma ba ya iya sarrafa mai gicciye in ya yi tsawo ba iyaka. Tambayar ita ce ko harshen ɗan Adam ya fi ƙarfin wannan nau'in. Riny Huybregts ya nuna Holanci a matsayin hujja tun 1976, Joan Bresnan da abokan aikinta suka zurfafa maganar a 1982. Sai dai Holanci ba ya sa wa suna alamar da ke nuna wane aikatau ne nasa, don haka hujjar ba ta cika ba ta fuskar lissafi. Jamusancin Suwizalan, mai jeri irin na Holanci kuma mai irin waɗannan alamomi, shi ya rufe gardamar, a aikin Huybregts na 1984 da na Stuart Shieber na 1985. A shekarar 1985 ɗin ne kuma Christopher Culy ya kawo irin wannan hujja daga ginin kalma na harshen Bambara na Mali, abin da ya kamata ɗaliban Afirka ta Yamma su sani. Sai kuma wani sakamako da ba a zata ba. A 1986 Emmon Bach da Colin Brown da William Marslen-Wilson suka gwada mutanen Holan da Jamusawa da jimloli masu ma'ana ɗaya. Daga aikatau uku zuwa sama, masu Holanci sun fi samun sauƙin gane jerinsu mai gicciye fiye da yadda Jamusawa ke gane nasu. Abin da ya fi wuya a lissafi ya fi sauƙi a ƙwaƙwalwa, mai yiwuwa domin mai sauraro yana sallamar suna na farko da wuri, ba sai ya riƙe shi har ƙarshen jimla ba.

Yanzu mu shigo kan kare-karen harshe. Ko da aikatau biyu kacal, daidaitaccen Holanci ya yarda da jeri biyu: "dat hij heeft gewerkt" da "dat hij gewerkt heeft", duka suna nufin cewa ya yi aiki. Ana kiran na farko jan jeri, na biyu kore, saboda launukan da Anita Pauwels ta yi amfani da su a taswirorinta na 1953. An daɗe wasu editoci suna gyara koren suna mayar da shi ja, wai ƙamshin Jamusanci yake yi, alhali shi ya fi yawa a bakin mutane a yankuna da dama. Gert De Sutter, a kundinsa na Leuven na 2005, ya ƙirga misalai daga rumbunan rubutu da na magana, ya nuna zaɓin yana bin yanki, da ko magana ce ko rubutu, da inda nauyin murya ya faɗa, da ko kalmar ta fi kama da sifa ko da aikatau.

Da aikatau uku ne abin ya fi ba da sha'awa. Ɗauki "dat iedereen moet kunnen zwemmen", cewa dole kowa ya iya iyo. Sa wa "moet" (dole) lamba 1, "kunnen" (iya) lamba 2, "zwemmen" (iyo) lamba 3. A lissafi jeri shida ne ke yiwuwa. Jerin 1-2-3 shi ne na daidaitaccen harshe, kuma ya mamaye mafi yawan ƙasar. A arewa, wajen Firislan da maƙwabtanta, 3-2-1 ake ji, "zwemmen kunnen moet". Ana samun 1-3-2 a gabas kusa da iyakar Jamus, ana kuma samun 3-1-2 a wurare da yawa na Holan. Jerin 2-3-1 ba ya zuwa da waɗannan kalmomi, amma a Filandas yana zuwa da wasu, kamar "dat hij gaan zwemmen is", cewa ya tafi iyo. Biyar ke nan. Na shida, 2-1-3, wato "kunnen moet zwemmen", babu yankin Holanci da ya ɗauke shi a matsayin tsarinsa.

Wannan giɓin shi ne amsata ga tambayarka ta biyu. Da a ce bambancin nan kurakurai ne, da kowane jeri ya ɓulla a wani wuri, domin kuskure ba ya zaɓe. Manomin Firislan da masuncin gaɓar Filandas ba su taɓa zama sun yi shawara ba, ba kuma makaranta ce ta hana su 2-1-3 ba, tunda makarantar ta hana su sauran jerin ma ba su bari ba. Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne cewa 2 da 3, "iya iyo", dunƙule ɗaya ne, 1 kuma yana hawa kan dunƙulen gaba ɗaya. Kana iya juya cikin dunƙulen, kana iya sa 1 gabansa ko bayansa, sai ka samu jeri huɗu. Kana iya ciro 3 ka kai shi gaba, ka samu na biyar. Amma ka ciro 2, wanda shi ne kan dunƙulen, ka bar 3 a baya, wannan nahawun ya ƙi. Daga baya Sjef Barbiers da Hans Bennis da Lotte Dros-Hendriks suka ba masu magana da Holanci jerin shidan su tsara su daga mafi karɓuwa zuwa mafi muni, har da waɗanda ba a yi a yankinsu. Tsarin da mutane suka yi ya yi kusa ƙwarai da abin da taswira ta nuna, kuma 2-1-3 yana can ƙasa. Guglielmo Cinque ya ga giɓi mai kama da wannan a yankin suna a 2005: cikin hanyoyi 24 na jera nunau da adadi da sifa da suna, 14 ya samu a harsunan duniya. Gardamar ba ta mutu ba, domin Martin Salzmann ya kawo misalan 2-1-3 daga Jamusancin Suwizalan tare da wasu rukunin aikatau. Amma ko shi, abin da yake nema shi ne sharaɗin da ke ba da damar jerin, wanda kuma ƙa'ida ce.

Bayanin yankunan da ake jin kowane jeri ya fito ne daga kundin taswirorin ginin jimla na kare-karen Holanci, wanda ake taƙaita sunansa da SAND. Cibiyar Meertens da ke Amstadam ce ta jagoranci aikin tare da jami'o'in Holan da Beljiyam, ƙarƙashin Barbiers. An yi aikin fili a farkon shekarun 2000 a garuruwa 267 na Holan da Beljiyam da ɗan yankin arewacin Faransa da ake jin Filamanci, wato Holancin Filandas, juzu'i na farko ya fito a 2005, na biyu a 2008. Kafin shi akwai aikin da Edgard Blancquaert ya fara a 1925, inda aka fassara jimloli 141 zuwa karin harshen garuruwa kusan 2,000, amma wancan ya fi karkata ga lafazi.

Dabarar SAND ta cancanci ka tsaya a kanta, tunda kai ma fili za ka fita. Sun nemi mutane masu shekara 55 zuwa 70, haifaffun garin da suka rayu a cikinsa. Sun san cewa da ɗan jami'a ya buɗe baki da daidaitaccen harshe, dattijo zai gyara zama ya soma maganar makaranta. Don haka a Holan sai su koya wa wani ɗan garin yadda zai yi tambayoyin da karin harshensu, ya zauna da ɗan'uwansa su yi hira, mai binciken ya ja gefe. Ba sa kuma tambayar "wannan jimlar daidai ce?", domin wannan tambayar tana tuna wa mutum malamin firamare. Sai su ce "ana jin wannan a garinku?", in ana ji, "ya yawaita ko kuwa jefi-jefi ne?"

Da wannan dabara aka taswirance abubuwan da littafin makaranta bai san da su ba. A yammacin Filandas mahaɗin "cewa" yana sauya siffa gwargwadon aikau, kamar yadda aikatau ke yi. Liliane Haegeman ta bayyana haka a 1992 daga karin harshen Lapscheure, ƙauyen da ke kusa da Brugge: "da Valère morgen goat", cewa Valère zai tafi gobe, amma "dan Valère en Pol morgen goan" in su biyu ne. Hatta "e" da "a'a" suna ɗaukar wakilin suna a can. In aka tambaye ka ko za ka zo, ka ce "joak", e-ni. In game da mace ake tambaya, "joas", e-ita. In ku da yawa ne, "joam". Haka kuma yankin ya riƙe ragowar tsohuwar korewa mai ƙafa biyu, "en ... niet", wadda Holancin tsakiyar zamani ke da ita kafin ta zube a Holan a ƙarni na 17. Bahaushe mai cewa "bai zo ba" ba zai yi mamakin korewa mai ƙafa biyu ba. Harshen Afirkans na Afirka ta Kudu, wanda ya tsiro daga Holanci, shi ma ya gina tasa daban: "hy het nie gekom nie".

Ita kuma ƙa'idar makaranta da kake auna maganar karkara da ita, ka tambayi asalinta. Ana koya wa yaran Holan cewa wajen faɗin "su", "hen" ake cewa ga karɓau na kai-tsaye da kuma bayan kalmomi irin su "ga" da "daga", "hun" kuma ga wanda aka yi wa abu ko aka ba shi. Wannan rabo ba daga bakin jama'a ya fito ba. Christiaen van Heule ne ya tsara shi a littafin nahawunsa na 1625, yana son Holanci ya yi kama da Latin mai alamomin suna. Shekara ɗari huɗu ke nan ana koyar da shi, har yau masu ilimi na tuntuɓe a kai. A ɗaya ɓangaren, mutane da yawa a Holan suna sa "hun" a matsayin aikau, su ce "hun hebben", suna da, maimakon "zij hebben", abin da masu tsaron harshe suka tsana ƙwarai. A 2010 ministan ilimi na lokacin, Ronald Plasterk, ya yi muhawara a talabijin da Farfesa Helen de Hoop ta Nijmegen a kan haka. Binciken da ita da abokan aikinta suka yi ya nuna cewa "hun" a gurbin aikau masu rai yake nufi, kusan kullum mutane, alhali "ze", gajeriyar siffar "zij", na iya nufin mutane ko kaya. Wato abin da ake kira kuskure yana rarrabe wani abu da daidaitaccen harshe bai rarrabe ba. Ba ina cewa a daina koyar da daidaitaccen harshe ba ne. Al'umma tana bukatarsa don rubutu da jarrabawa da shari'a, kuma hukumar haɗin gwiwa ta harshen da Holan da Beljiyam suka kafa a 1980 tana wannan hidima. Amma yarjejeniya ce ta jama'a, kuma aikin mai nazari ya bambanta ta da ƙa'idar da yaro ke tsinta a bakin uwarsa.

Batun jinsi zai fi kusa da kai. Tsohon Holanci jinsi uku gare shi. A arewa na namiji da na mace sun narke sun zama ɗaya, ya rage "de" da "het", yayin da kare-karen kudu suka riƙe ukun. Jenny Audring, a kundinta na 2009, ta bi rumbun Holancin baka mai kalmomi kimanin miliyan 9 da aka kammala a 2004, ta ga cewa masu magana suna sake raba wakilan suna bisa ma'ana: "hij" ga abin da ake ƙirgawa, "het" ga abin da ake aunawa irin su mai da ruwa, ko da jinsin kalmar a ƙamus ya saɓa. Tsari ɗaya ya raunana, wani ya tsiro a gurbinsa. Idan Bazazzagi ya ce "motan nan" inda Bakano zai ce "motar nan", tambayar da ta dace ita ce irin ta Audring: a ina jinsin ya zube, a ina ya tsaya, kuma me ya maye gurbinsa? Haka "munka" da "sunka" na Basakkwace, da dirkarsa ta "na" da "ta" a gurbin "ne" da "ce".

In kana son shiga fagen, bayanan SAND suna intanet kyauta da sunan DynaSAND, kana iya neman jimla ka ga taswirarta. Akwai kuma babban nahawun da Hans Broekhuis da abokan aikinsa suka fara fitarwa a 2012 da Ingilishi, shi ma ana samunsa kyauta. Don kundinka kuwa, ina ba ka shawara ka ɗauki abu ɗaya ƙarami a Hausa, misali jerin karɓau biyu bayan aikatau, ko inda "ba" ta biyu ke sauka a jimla mai tsawo. Rubuta duk jerin da lissafi ya yarda da shi, har wanda kunnenka ya ƙi. Ka kai su Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Bauci, in hali ya yi har Maraɗi da Damagaram, ka sa ɗan gari ya tambayi ɗan gari, kai kuma ka rubuta wanda aka ce ana yi da wanda kowa ya ce ba a yi.